Kewaya Tafkin Konstans a Kan Keke

A tsakiyar Turai, a gindin duwatsun Alf ta fuskar arewa, inda Jamus da Suwizalan da Ostiriya suka haɗa iyaka, akwai wani tafki mai faɗin murabba'in kilomita 536, wanda mutanen wurin ke kira Bodensee, baƙi kuwa suka fi saninsa da sunan birnin Konstans da ke gaɓarsa. Kogin Rayin ne ke zuba masa ruwa ta kudu maso gabas, ya ratsa shi, ya fice ta yamma. A kewayensa aka shata wa masu keke hanya mai tsawon kilomita kamar 260, ta yadda wanda ya tashi daga Konstans, in Allah ya nufe shi da lafiya, kafin mako ya zagayo zai ga kansa a ƙofar da ya fito, alhali ya ratsa ƙasa uku da ƙarfin ƙafarsa.

Galibin hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, shi ya sa za ka ga dattijo da jikansa suna tafe a jere ba mai haki. Masu ilmin abin sukan ba da shawara a bi ta yadda hannun agogo ke juyawa, domin tun da hannun dama ake bi a ƙasashen nan, ruwa zai kasance kusa da mutum, ba wani titi a tsakaninsu. Wanda kuma gajiya ta ci ƙarfinsa, akwai jirgin fito tsakanin Konstans da Mersbug da zai ɗauke shi har da kekensa.

Gaɓar arewa ita ce ta gonakin inabi da tuffa, da garuruwan da kowa ke ambato: Mersbug mai tsohuwar ganuwa a kan tudu, da Firidirishafen, inda a kusa da shi jirgin iskan nan na Zeppelin ya fara tashi a 1900, da Lindau da ke kan tsibiri. Amma ni a ganina wurin da ya fi cancantar a jingine keke a yi tadabburi shi ne tsibirin Raishenau, wanda ake shiga ta wata siririyar hanya mai dogayen itatuwa dama da hagu. A shekarar 724 aka kafa gidan ruhubanawan Nasara a can, suka duƙufa kan karatu da kwafar littattafai da hannu, suna yi musu zayyana da ruwan zinariya, har sarakunan zamanin suka riƙa neman aikinsu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da marubucin Alƙur'ani yana kallon yadda yake auna tawada da alƙalami ba zai rasa fahimtar irin haƙurin da sana'ar ke bukata ba. Yau kayan lambu ake nomawa a tsibirin, majami'unsa uku kuwa suna nan tsaye.

Sai dai wanda ya lizimci bakin ruwa kaɗai, hakika rabin ni'imar ya gani. Daga Rorshak, a ɓangaren Suwizalan, hanya ta kauce ta hau tudu zuwa ƙauyen Haiden, wanda ya ɗara tafkin tsawo da mita kamar 400, kuma a nan ne ake gane mai ƙwari da mai cika baki. In mutum ya daure ya kai, sai ya tarar da gidajen manoma na katako a warwatse bisa tuddai masu ɗanyar ciyawa, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya, ga tafkin shimfiɗe a ƙasa har gaɓar Jamus. A wannan ƙauye ne Henry Dunant, wanda ya assasa ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici, ya rasu a 1910.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sha'anin wannan tafki shi ne, har yanzu ƙasashen uku ba su yi ittifaƙi a kan inda iyakar kowacce ta tsaya a tsakiyar babban ruwan ba, kowacce da nata ra'ayin, amma wannan saɓani bai hana su haɗuwa a kan maslaha ba. Da ƙazantar garuruwa da takin gonaki da sabulun wanki suka fara gurɓata ruwan, har gansakuka ta nemi shaƙe shi, sai suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1959, suka kashe dukiya mai yawa wajen gina wuraren tace ruwan ƙazanta kafin ya isa tafkin, suka yi ta haƙuri shekara da shekaru kafin a ga amfanin abin. Yanzu daga Siplingen ake jan ruwan da mutum wajen miliyan 4 ke sha, har da na birnin Situtgat. Mu ma da muke tarayya a Tafkin Cadi mun kafa tamu hukumar tun 1964, saboda haka hikimar ba baƙuwa ba ce gare mu.

Kowane gyara kuwa da nasa farashi. Tsabtar ruwan ta rage abincin kifi, ta haɗu da wasu dalilai, har farin kifin da masuntan wurin suka dogara da shi ya yi ƙaranci, aka hana kama shi na shekara uku daga 2024.

Mai niyyar zuwa ya guji Yuli da Agusta, lokacin da hanyar ke cika maƙil kuma masauki ke wuya. Mayu da Satumba sun fi sauƙi. Ya riƙe fasfonsa a jiki ko da ba kasafai ake tambaya ba, ya kuma tanadi kuɗi iri biyu, domin Jamus da Ostiriya yuro suke karɓa, Suwizalan kuwa tana nan a kan faran ɗinta.