Wa Ke Biyan Kuɗin Sanarwar Sa Yara A Makaranta?

Kafin na je SIWES bara, na ɗauka duk sanarwar da ma'aikatar ilimi ke yi a rediyo kyauta ce, tunda gwamnati ce da kanta. Wata huɗu da na yi a sashen talla na wani gidan rediyo ne suka nuna mini ashe ciniki ne, kamar na mai tallan omo. Kowane minti da farashinsa, kuma na dab da labaran yamma ya fi na tsakar dare tsada nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Sashen da ke son gangamin, a ce na shigar da yara aji ɗaya, shi ke rubuta takarda ya kai wa babban sakatare. In ya sa hannu, jami'in hulɗa da jama'a ya tsara saƙon, a juya shi zuwa Hausa ko Fulatanci ko Kanuri. In kuɗin da yawa, sai an bi ƙa'idar bayar da kwangila. A matakin tarayya dokar 2007 ce, hukumar BPP ke sa ido. Bayan an watsa, gidan rediyo ya rubuta takardar shaida mai nuna rana da lokacin da aka sa kowace sanarwa. Ni na riƙa cike irin waɗannan takardu. Ba ita, ba biya. Da ita ma, wallahi sai ka ga an shekara ana bin bashi, don a sa kuɗi a kasafi daban, a sake su daban.

To daga wane aljihu? Na farko kasafin ma'aikatar ne, inda akwai layi na talla da yaɗa labarai cikin kuɗin gudanarwa. Yawanci bai taka kara ya karya ba, kuma shi ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi. Na biyu kuɗin UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi babban tallafin. A hukumomin SUBEB akwai sashen wayar da kan jama'a, su ne masu zama da hakimai da limamai da kwamitocin kula da makarantu na unguwa.

Na ukun shi ya fi tsaya mini a rai. Kun san shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda gangaminsa ake kira Madubi. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai, cikinsu har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, ya ƙara miliyan 700 a 2023. Mafi yawan kuɗin na gina azuzuwa ne da gyara su da tallafa wa ɗalibai, amma akwai kason sauya tunanin iyaye ta rediyo da taruka. Kuma fa rance ne. Mai sauƙin ruwa, e, amma biya za a yi, kuma mu da ke shirin fita neman aiki muna cikin masu biyan. Ban ce kada a yi ba. Ƙanwata tana JSS 2, na san ƙawayenta biyu da aka cire bayan firamare, kuma na san mahaifinsu ba ya rabuwa da rediyo. In akwai hanyar isa kunnensa, ita ce.

Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin. Takardar da nake cikewa tana cewa an watsa sau kaza. Ba ta cewa yara nawa suka zo rajista, balle nawa suka kai ƙarshen zango. Wata rana na tambayi ogana me ya sa aka tura sanarwar makaranta ƙarfe goma sha ɗayan dare, lokacin da mutanen ƙauye sun daɗe da kwanciya. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, kuɗin da suka kawo nan ya kai su.” A takarda kuwa gangami ya cika cif.

Saboda haka na ɗauki wannan a matsayin furojet ɗina. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya tambayi nawa aka kashe, wa aka ba kwangila, kuma kwana 7 ta ba su su amsa. A baya an sha yin gardama a jihohi ko dokar ta hau kansu, don haka Abuja zan fara aika tawa. Wanda ke son mu haɗa tambayoyi ya same ni a sashenmu bayan laccar Laraba.