Asma a Ƙasar Noman Rani: Taimakon Rana Ɗaya Ba Ya Isa

Daga ƙarshen Oktoba, da an fara yankan shinkafa a filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, iskar yankin takan sauya har zuwa Madobi. Injinan sussuka na tada ƙura, ana cinna wa ragowar gona wuta don a share wa alkama da tumatir wuri, a cikin gari mata na turara shinkafa da itace, injinan casa kuma na zubar da ɓuntu tsibi-tsibi. Ana cikin haka hunturu ya kawo jiki da nasa hazon, wanda iska ke kwaso kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga yawancin jama'a lokacin samu ne. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwansa ya mai da wannan yanki wurin da ba a ajiye fartanya rani da damina. Amma ga mai ciwon asma, waɗannan su ne watannin da yake kwana a zaune, ya dafa gwiwa yana neman numfashi.

Ba noman ne ke haifar da ciwon ba. Asma na da nasaba da gado da kuma muhallin da mutum ya tashi a ciki, ana samun ta a birni da ƙauye. Abin da ƙura da hayaƙi da sanyin asuba da feshin maganin ƙwari ke yi shi ne tayar da ita. A huhun mai asma, ƙananan hanyoyin da iska ke bi suna cikin kumburi ko da mutum yana jin garau. Idan ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina ta taru. Iska ta shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya. Daga nan ake jin wannan ƙara mai kama da fito a ƙirji, da tarin da ke tsananta da dare ko gab da asuba. A cikin ɗaki ma akwai masu tayar da ita: hayaƙin murhu, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, hayaƙin janareta, kyankyasai, da ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani waɗanda ke zama a katifa da matashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, ta kuma kashe 455,000 a wannan shekarar, yawancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. A Najeriya, binciken da Farfesa Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu ciwon da kusan miliyan 13. Wani binciken da aka fitar a 2024, wanda aka yi a makarantun ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya fi tayar mini da hankali: cikin ɗalibai kusan 27,000, fiye da 3,000 suna da alamun asma, amma kusan 600 ne kawai aka taɓa tabbatar musu da ita a asibiti. A manyan birane aka yi wannan bincike, inda likita yake kusa. Sai mai karatu ya auna da yaron da ke ƙauyen da ko babur sai ya sha wuya kafin ya fito da shi titi.

Akwai abin da ya kamata kowane gida mai ɗauke da wannan lalura ya sani, kuma rashin saninsa ne ke kai mutane kushewa. Maganin shaƙa, wato inhela, iri biyu ne. Akwai mai shuɗin kwano, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Shi wannan yana sassauta naman da ya tsuke cikin 'yan mintoci, mutum ya ji iska ta dawo, amma bai taɓa kumburin ba. Akwai kuma na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, wanda sau da yawa kwanonsa ruwan ƙasa ne. Shi ba a jin aikinsa nan take. Kullum ake shaƙarsa, da ciwo da babu, a kuskure baki bayan an gama, shi ne kuma ke kwantar da kumburin har tashin ciwon ya yi ƙaranci. Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda likitocin duniya ke bin jagorancinta a kan asma, ta daina ba da shawarar a riƙe baligi ko matashi da shuɗin kaɗai. Duk wanda ke ƙarar da kwano uku ko fiye na shuɗin a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, ko da shi yana ganin ya iya da ciwonsa.

To a nan gizo ke saƙar. Talaka ba ya sayen maganin da bai ji aikinsa ba, balle wanda ya fi tsada, wanda kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, a watan Agusta kuma kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya. Farashin abin shaƙa ya ninka, a wasu wuraren ma ya ɓace na ɗan lokaci. Umarnin da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2024 na cire haraji daga kayan haɗa magunguna mataki ne mai kyau, sai dai ɗan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a biya shi da yamma har yanzu lissafinsa ɗaya ne: ko abincin gida ko inhela. Sai ya koma ga ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone masu arha. Suna da amfaninsu idan likita ya rubuta na 'yan kwanaki, amma wanda ya mai da su abin sha na wata da watanni yana sayo wa kansa hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.

Ga kuma maganganun gari. Za ka ji ana cewa kada a bari yaro ya fara shaƙar inhela, wai zai saba ya kasa bari. Ba gaskiya ba ne. Maganin shaƙa ba ya sa jaraba, kuma abin da ke shiga jini daga gare shi bai kai na ƙwaya ba. Wasu na haɗa asma da tarin fuka, su ware wa mai ita kofi da kwano, alhali asma ba a ɗaukarta daga wani. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɓoye ciwon 'ya mace don gudun kada manema su ja baya. Yarinyar da ke jin kunyar fito da maganinta a makaranta ko a ɗakin miji, rayuwarta aka sa a caca don a rufe abin da ba abin kunya ba ne.

Ina masu taimako suke a cikin wannan? Mutanenmu ba su da rowa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN, 'yan siyasa da attajirai duk sukan shirya duba marasa lafiya kyauta, musamman da azumi. Allah Ya saka musu. Irin wannan taro yana yi wa mai yanar ido ko mai gwaiwa rana, domin aiki ɗaya ake yi masa ya warke. Mai asma kuwa idan aka ba shi kwano guda ya tafi, bayan 'yan makonni ya koma inda ya fito. Manomin rani ya fi kowa gane wannan: ba wanda ke malala wa alkama ruwan wata uku a rana ɗaya ya ce ya gama ban-ruwa. Kaɗan-kaɗan take so, a kan lokaci, har ta nuna.

Ƙungiyoyin da suka yi tasiri a kan asma duk ta wannan hanya suka bi. A Finlan, ƙungiyar lafiyar huhu ta Filha, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta haɗa kai da hukuma a wani shiri na shekara goma daga 1994 zuwa 2004. Ba su gina sababbin asibitoci ba. Sun horar da likitoci da nas-nas da masu sayar da magani na ƙananan cibiyoyi, suka dage a kan maganin rigakafi tun da wuri, kwanciya asibiti saboda asma ta ragu ƙwarai. A Birtaniya, Asthma + Lung UK na da layin waya da mai ciwo zai kira ya yi magana da nas. A Landan, mahaifiyar Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara tara da asma ta kashe a 2013, ta yi ta fafutuka har a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalinta. A gida Najeriya akwai Gidauniyar Amaka Chiwuike-Uba a Inugu, wadda aka kafa don tunawa da wata baiwar Allah da asma ta yi ajalinta, tana shirya taruka da wayar da kai. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Najeriya ma takan fito duk Talatar farko ta watan Mayu, ranar asma ta duniya.

Ba sai an jira wata ƙungiya daga Turai ba kafin a yi irin wannan tsakanin Madobi da Bunkure. Abin da ake bukata ya fi kama da adashi fiye da rabon kayan azumi. Ƙungiyar gari ko ta manoma masu amfani da ruwa za ta iya ɗaukar cibiyar lafiya guda, a buɗe littafin masu asma na mazaɓar, a sayo maganin rigakafi da sari, mai hali ya biya kuɗin sari, marar hali a ɗauke masa. Kuɗin ya riƙa juyawa kada kanta ta taɓa zama fayau. A biya wa ma'aikacin lafiya ɗaya ko biyu horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin mutane da yawa da ke riƙe da inhela ba su iya shaƙarta daidai ba, maganin a baki da maƙogwaro yake tsayawa. Ko mazubin da ake haɗawa da inhela don yara ba sai an saya ba. Farfesa Heather Zar ta Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta nuna tun 1999 cewa robar lemo mai rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela, tana aiki kamar na kanti. Ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya nuna wa uwa yadda ake yi.

Wani aikin kuma na bin hakki ne. Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, da asusun lafiya na KHETFUND, da Hukumar Zakka da Hubusi, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada. Ƙungiyar da ta san masu ciwonta da sunayensu ita ce za ta iya kai marasa galihu a yi musu rajista, ta kuma tambayi hukuma ko akwai maganin rigakafin asma a kantin cibiyar, tunda yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Masu injinan casa ma a zauna da su a kan inda ake tara ɓuntu da inda ake ƙona shi, da takunkumin fuska ga yaran da ke aiki a cikin ƙurar.

Saura dare, lokacin da ciwon ya fi tashi kuma mota ta fi wuya. Idan mai asma ya kasa ƙarasa jimla ɗaya saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya shaƙi shuɗin babu sauƙi, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana ƙara galabaita, ba lokacin jiƙo ko jiran wayewar gari ba ne. A zaunar da shi, a ci gaba da ba shi shuɗin, a nufi Babban Asibitin Kura ko mafi kusa da ke da iskar oksijin. An daɗe da gwada tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti cikin gaggawa a jihohin Arewa. Direbobin suna nan a tashoshinmu, lambobinsu na hannun masu unguwanni. A ƙara musu sunayen gidajen da ke da mai asma, a ware kuɗin mai daga asusun ƙungiya tun kafin shinkafa ta nuna.