Meryl Davis da Rawar Kan Ƙanƙara

Kafin mu shiga tarihin wannan baiwar Allah, ya kamata mu fara bayyana irin wasan da ta shahara a kansa, domin baƙon abu ne ga mai karatu a ƙasa mai zafi. Fili ake yi na daskararren ruwa, namiji da mace su sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, su riƙa sulɓi suna taka rawa bisa kiɗa. Ya bambanta da sauran wasannin ƙanƙara, don ba a neman dogon tsalle, ba a kuma jefa mace sama. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne tsabtar taku, da bin kiɗa, da yadda mutum biyu za su juya tare kamar jiki ɗaya. Saboda haka daɗewa da abokin rawa shi ne babban jari.

An haifi Meryl Davis a jihar Mishigan ta Amurka a 1987. A 1997, tana 'yar shekara goma, aka haɗa ta da wani yaro sa'anta, Charlie White, kuma ba ta sake aboki ba har ta bar gasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fagen da ake yawan rabuwa saboda saɓani ko bambancin tsawo.

Tun da aka shigar da wasan cikin Olamfik a 1976, 'yan Tarayyar Sobiyet, daga baya Rashawa, su suka fi cin zinariya, Amurka kuwa ba ta taɓa samu ba. Abin lura shi ne, Rashawa ne suka koya wa Amurkawa hanyar. Igor Shpilband da Marina Zoueva, waɗanda suka horar da Davis da White a garin Canton na Mishigan, dukkansu daga can suka fito. A wannan fili ɗaya kuma, a hannun waɗannan malamai, manyan abokan hamayyarsu na Kanada, Tessa Virtue da Scott Moir, suke koyo. Kullum safiya kowa yana ganin shirin ɗan'uwansa, babu abin ɓoyewa. A ganina wannan kishi na cikin gida shi ya fi komai wasa su.

A Olamfik ta 2010 a Bankuba 'yan Kanada suka ɗauki zinariya, Davis da White suka sami azurfa. A 2011 a Mosko suka rama, suka zama Amurkawan farko da suka ci gasar duniya. Kambin ya koma Kanada a 2012, suka sake ƙwato shi a 2013. A gida kuwa, sau shida a jere suka ci gasar Amurka, daga 2009 zuwa 2014.

Ƙarshen takarar ya zo a Sochi ta Rasha a 2014. Kiɗan da suka zaɓa na Rimsky-Korsakov ne, wanda ya tsara kan labarin Shaharzad, wato matar sarkin nan ta cikin Dare Dubu da Ɗaya da masu karatun Hausa suka sani. Da shi suka kawo wa Amurka zinariyarta ta farko a wannan fanni, Virtue da Moir suka zo na biyu. Daga nan ba su sake shiga gasa ba, sai a 2017 suka tabbatar cewa sun bar fagen.