Ƙarar Bawul da Jiƙewar Fulogi

Jama'a, injin tsohuwar mota yakan faɗi ciwonsa da kansa, sai dai a rasa mai saurare. Bari mu yi misali da Morris Minor 1000, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1956.

Idan ka ji ƙas-ƙas daga saman injin, yawanci ratar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi ce ta yi yawa. Sai a bari injin ya huce, a auna ratar, a mai da ita inci 0.012. Kada a matse ta ƙwarai don neman shiru, gama bawul ɗin da ba ya rufewa sosai ƙonewa yakan yi, a zo an yi gyaran gangar Abzinawa.

Sa'an nan a kwance fulogi a duba. In ya yi baƙi a bushe, fetur ne ya yi yawa. In kuwa a jiƙe yake da baƙin mai, to, man yana kurɗawa inda wuta ke ci, hayaƙi kuwa shi zai nuna hanyarsa. Shuɗin hayaƙi da zarar an ta da mota da safe, ko bayan doguwar gangara, alama ce ramin da bawul ke zirga-zirga a ciki ya cinye. In kuma sai an taka mota yake fitowa, zoben fistin ne.

Saboda haka kada a ruɗe ka da sayen sabon fulogi. Muddin ba a toshe hanyar man ba, kwana kaɗan zai sake jiƙewa.