Tattali Ba Rowa Ba Ne: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin cefane ya sauya a kusan kowane gida a Najeriya. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. A Disambar shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma mai shago da manomi da ɗan adaidaita sahu ba su da albashin da za a ƙara musu. Shi ya sa da an kawo zancen ajiya sai ka ji ana cewa, "Wanda bai ƙoshi ba, me zai ajiye?"

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Akwai gidajen da abin da ke shigowa bai kai na tuwo ba, kuma ba tattali suke buƙata ba, hanyar samu suke buƙata. Amma da yawanmu muna tsakiya ne: ana samu, sai dai ba a san inda kuɗin ke shiga ba. Wanda ya ɗauki biro ya rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa na wata guda zai sha mamaki. Naira 500 a kullum, ta lemon kwalba ko ta datar da ke ƙarewa a kallon TikTok, naira 15,000 ce a wata, 182,500 a shekara. Data ma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Duk da haka, ba lemo ne ke karya magidanci ba. Abin da ke karya shi shi ne "kar a ce". Kar a ce lefen 'yar wane ya fi na tamu akwatuna. Kar a ce ba mu yi anko ba. Aure ɗaya sai a yi kamu, a yi walima, a kama ɗakin taro a yi dina, kowane zama da ɗinkinsa, ga kayan ɗaki da gara a wuyan iyayen amarya. Uba ya sayar da fili, uwa ta ci bashi, a gama biki cikin kwana huɗu, a shekara biyu ana biya. Alhali abin da addini ya wajabta bai wuce sadaki da waliyyi da shaidu ba, walima kuma daidai ƙarfi. Mutanen da ake wa wannan wahala don su gani, mako guda bai cika ba sun koma zancen wani bikin. Kowa ya daka ta wani, zai rasa turmin daka tasa. A ganina, atamfar anko ɗaya da mace ta haƙura da ita ta fi wata guda na ƙwauron mai a miya amfani, don wannan haƙurin bai taɓa cikin yara ba.

To, idan an rage, ina za a ajiye? A nan ne zamani ya sauya hukunci. Kuɗin da aka kulle a asusu ko ƙarƙashin katifa raguwa yake yi ko da ba wanda ya taɓa shi: idan kaya suka tashi da kashi ɗaya bisa uku a shekara, naira 100,000 ta bara ba za ta sayi fiye da kayan 75,000 ba a bana. Waɗanda suka tara takardun kuɗi a gida sun kuma ɗanɗana kuɗarsu lokacin canjin kuɗi na farkon 2023. Adashe ma haka yake. Yana da kyau don yana tilasta wa mutum zubi, amma mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da darajarsa ta ragu, ga haɗarin uwar adashe marar amana. A shiga gajere, da mutanen da aka sani ciki da bai.

Dabarar iyayenmu har yanzu tana aiki: a sayi hatsin gida da kaka, lokacin da masara da gero da wake suke araha, a adana da kyau. Buhun nan mai ninki uku yana hana wake ƙwari ba tare da an zuba masa magani ba. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu a kasuwar hatsi irin ta Dawanau su raba, maimakon awon kwano-kwano a shago. Amma a saya don ci, ba don jiran tsada ba. Waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran riba sun tafka asara da farashi ya faɗo a 2025. Kuɗin ko-ta-kwana kuwa, na asibiti da makamantansa, banki ya fi dacewa da shi. Hukumar NDIC tana lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci idan ya durƙushe, kuma mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ.

Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka riƙe aljihunka. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Haka manhajojin bashi na waya, masu ruwa mai yawa, waɗanda ke aika wa duk lambobin wayarka saƙon tozarci in ka makara.

Sai batun jin daɗi, wanda masu wa'azin tattali kan manta da shi. Gidan da maigida ya mayar da kowace ƙwayar magi abin faɗa ba zai daɗe a kan tsari ba. Uwargida za ta fara ɓoye masa lissafi, yara su riƙa jin tsoron tambaya. Gara a zauna tare a faɗi abin da ke shigowa, a ware na abinci, na makaranta, na ajiya, sannan a ware wani abu da sunan daɗi, ko da tsiren daren Juma'a ne. Gudummawar 'yan'uwa ma a sa mata kaso tun farkon wata, don ba za ta fasa zuwa ba. Idan kason ya ƙare, "wallahi yanzu ba hali" ba abin kunya ba ne. Zuwa gaisuwa, duba mara lafiya, hira a ƙofar gida bayan sallar isha'i, duk zumunci ne, kuma kuɗin mota kawai suke ci, wani lokaci ko shi babu.

Mai karatu, in wata ya kama, fara cire na ajiya ranar da kuɗi ya shigo hannunka, ko da kashi ɗaya cikin ashirin ne, kafin ka taɓa sauran. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba ya ajiye komai.