Kuɗin Mashin na Mai Raino: A Wuyan Wa Yake?

Kwanan baya wata malama ta shigo ɗakin malamai na makarantarmu a makare, ga goyo a bayanta. Muka tambaye ta ko lafiya, ta ce mai rainonta ce ba ta zo ba, wai ba ta da kuɗin mashin. Nan fa gardama ta kaure, har aka kaɗa ƙararrawa ba a rabu ba. Wasu suka ce albashi albashi ne, ai mu ma daga namu muke shan mai. Wasu kuwa suka ce wanda ke bukatar a zo masa, shi ke biyan hanya.

To, jama'a, kafin mu yanke hukunci bari mu dubi garin namu. Mokolo, hedkwatar Mayo-Tsanaga, gari ne na cikin duwatsun Mandara, kuma da yawa daga matan da ke yi mana raino ba a tsakiyar gari suke ba. Wasu a gefen dutse suke, wasu kuma mata ne da rikicin Boko Haram ya koro daga wajen Tourou da Mozogo tun daga 2014, suka raɓe inda haya ke da sauƙi, wato nesa da mu. In ba ƙafa ba, sai 'yan kilando, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan acaɓa.

Shi kuma mashin ba ruwa yake sha ba. A Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma ta kai ta 840. Man zuwa-zuwa da muka dogara da shi, shi ma ya yi tashin gwauron zabo tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023. Ɗan kilando ya ƙara kuɗinsa, amma gida nawa aka ƙara wa mai raino?

Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce sefa 200 zuwa, 200 dawowa, kwana 26 a wata: sefa 10,400 ke nan. Idan jaka 20 ake ba ta, fiye da rabi ya tafi a hanya. Alhali dokar da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan sefa 60,000 ga masu aikin da ba na gwamnati ko na gona ba. Tsakaninmu da Allah, wa ke biyan haka a cikinmu? Ba don mu kunyata kowa muka faɗa ba, don mu ma da muke wannan rubutu ba mu kai ba.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne ta riƙa kwana a gidan. Wannan kam ba mu yarda da shi ba. Matar aure ba ta barin nata 'ya'yan ta kwana a kan na wasu, saboda haka sai a koma neman ƙaramar yarinya daga ƙauye. Mun ga irinsu a ajinmu: yarinya mai ƙoƙari, a wayi gari kujerarta babu kowa, bayan wata biyu mu gan ta ran Laraba a kasuwa da goyon wani a baya, tana sunkuyar da kai don kada ta gaishe mu. Wadda ke kwana a gida kuwa ba ta da lokacin tashi daga aiki. Ita ce wanke-wanke, ita ce layin famfo da rani.

A ganinmu, a raba kuɗin hanya da albashi tun ranar da aka yi ciniki, a gaban shaida. A riƙa ba da shi mako-mako, don ɗan kilando ba ya jiran ƙarshen wata. In mai ya tashi, a sake zama. In uwar gida ta tsayar da ita har bayan magariba, to kuɗin komawa a wuyan mai gida yake ba tare da gardama ba, kuma a nemo ɗan mashin da aka sani ya kai ta har ƙofar gida.

Ita malamar tamu, mun ji sun daidaita a kan jaka ɗaya da rabi kowace Litinin. Mai gidanta dai har yanzu yana ƙorafi.