Fatar jar akuya ta Maraɗi ta sami tambari: mi ya rage ga makiyayi?

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, maza da mata, a wannan fitowa za mu yi magana bisa wata dukiya da take cikin kusan kowane gida, amma ba a cika sa ta cikin lissafi ba, wato fatar akuya. Musamman fatar jar akuya, wadda aka sani a duniya da sunan akuyar Maraɗi, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna ce mata jar akuyar Sakkwato. Iri ɗaya ne, iyaka ce kawai ta ratsa tsakani.

Daga shekarar 2021 gomnatin Nijar ta shiga yi wa wasu kaya huɗu na ƙasarmu rajista a OAPI, hukumar da ke kare sunayen kayan sana'a, mai mazauni a Yawunde ta ƙasar Kamaru. Kayan su ne kilishi, albasar Galmi, cuku, da fatar jar akuya ta Maraɗi. Labari ne mai daɗin ji. Amma mai akuya biyar a turke zai ce: to, ni mi zan samu a ciki? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita za mu bi.

Mi ya sa fatar nan ta fita daban?

Fatar jar akuya ba ta da kauri, busasshiya ba ta cika kai rabin kilo ba, amma tana da ƙarfi da laushi. Fuskarta sumul take, ramukan gashinta ƙanana ne, tana karɓar rini da kyau. Da ita ake ɗinka safar hannu, da takalma masu tsada, da riguna, da bangon manyan littattafai. Tun zamanin ayarin raƙuma fatake ke kai fatun ƙasar Hausa arewacin Afirka, daga can su ƙetare teku. Turawa suka riƙa kiran su fatun Maroko, don ta hannun ƴan kasuwar can suke samun su. Kun ga ashe ɓatan suna ba yau ya soma ba.

Hukuma ma ba yau ta soma sa hannu ba. A shekarar 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki na Maraɗi, don a tsare irin jar akuya a kuma riƙa raba bunsuraye nagari cikin karkara. Dattawa suna tune da SNCP, kamfanin da ke tattara fatu da ƙiraga, da SONITAN, masana'antar jima ta Maraɗi. Duka biyun sun daɗe da daina aiki. Majemanmu na gargajiya suna nan da bagaruwarsu, a Damagaram, a Maraɗi, a Gamkalle ta Yamai, amma abin da suke iya jemewa kaɗan ne. Mafi yawan fatunmu ɗanyu suke tafiya Kano, a jeme su a masana'antun Challawa da Sharaɗa, su wuce Turai da Asiya da sunan wata ƙasa. Ribar jima, da aikin yi na samari, can suke zama. In kuma iyaka ta rufe, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake yi a 2023 zuwa farkon 2024, mai fata ba shi da wata ƙofa.

Ƙidayar bisashe da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta sami awaki sama da miliyan 11 a Nijar. Ba duka ne jajaye ba, amma ku dubi yawan fatar da ke fita daga wannan garke kowace shekara.

Mi ake nufi da tambari?

Tambarin na jama'a ne, ba na mutum guda ba. Ƙungiyar masu sana'a ke riƙe da shi, da dokokin da aka rubuta: irin akuyar, yankin da ta fito, da yadda aka sarrafa fatar. Wanda ya cika sharuɗɗan yana iya saida kayansa da wannan suna, wanda bai cika ba kuwa an hana shi. Amfaninsa shi ne mai saye na nesa ya yarda da kaya tun bai gan su ba, ya biya daidai da haka.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ƙasashe 17 ne ke cikin OAPI, kuma Najeriya, babbar kasuwarmu, ba ta ciki. Sannan tambari ba ya ɗinke fatar da wuƙa ta huda. Majemi in ya ɗaga fata ya ga huji, ko takarda nawa aka liƙa mata, gefe zai jefa ta. Masu saye suna kasa fatu kashi-kashi: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, da ta yarwa. Mafi yawan abin da ke sauko da fata daga lamba ɗaya a ƙauye yake faruwa, kafin kowace hukuma ta gan ta.

Wani zai ce: ni akuya nake saidawa da ranta, fata ta mahauci ce. Haka ne. To amma mahauci yana sa kuɗin fata cikin tayin da yake yi maka, ko bai faɗa ba. Ban da wannan, akuyar suna, da ta biki, da ragon layya, duka a gida ake feɗe su, fatarsu tana hannunka.

Tun akuya tana da rai

Lalas shi ne babban maɓarnaci. Ƙarfen da aka ɗora a haƙarƙari ko a cinya yana barin tabon da jima ba ta gogewa, kuma wurin nan shi ne tsakiyar fata, inda kuɗi yake. In shaida kake so, yi ta a kunne. In ba makawa sai wuta, to a kumatu ko can ƙasan ƙafa, ƙarama. Allura ma a wuya ake yin ta, ba a gadon baya ba.

Ƙazwa, da kirci na damina, da kaska, da ƙwarƙwata, kowanensu yana barin alama. Wata ba ta bayyana sai an cire gashi a majema, sai ka ga fata duk ƙananan ramuka. Da ka ga akuya tana yawan soshe-soshe a bango, ko gashi yana zuba, ware ta, ka nemi malamin kiwo tun abin bai bi garke ba. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana ƙona fata, a bar shi. Duka da sanda, da igiya mai cin wuya, da shingen ƙaya mai matse turke, su ma suna cikin lissafi.

Game da iri: a ajiye jan bunsuru mai gashi gajere mai sheƙi, a dandaƙe baƙaƙe da masu roɗi tun suna ƙanana, su zama taure, sun ma fi yin ƙiba. Bayan shekara biyu a yi musanyar bunsuru da wani gari, don kada ya hau ɗiyansa. Jar akuya ta zaman gida ce, tana yawan yin tagwaye, ta dace da ƙasar noma irin ta Tasawa, Madarunfa, Agye da Gidan Runji. Ku ƴan uwanmu na arewa masu tafiya mai nisa neman ciyawa da ruwa, ba mu ce ku rabu da akuyarku mai dogayen ƙafafu ba. Ita ta fi jure tafiya, kuma fatarta ma kuɗi ce in an kula da ita.

Ranar yanka

Nan ne aka fi yin hasara, cikin ƴan mintoci kaɗan. A bari jini ya tsiyaye sarai, don jinin da ya kwanta cikin jijiyoyin fata yana saurin ruɓar da ita. Kada a ja dabba a ƙasa. A tsaga fata miƙe, daga maƙogwaro ta tsakiyar ciki har wutsiya, sannan ta cikin ƙafafu huɗu, yadda in an shimfiɗa ta gefe biyu za su yi daidai. Wuƙa mai tsini ta yanka ce, ba ta fiɗa ba. Ta fiɗa bakinta lanƙwashe yake, ba tsini.

Akuya da tunkiya ma ba su buƙatar wuƙa sosai. Da an buɗe ciki da ƙafafu, sai a rataye dabba, a ajiye wuƙa, a riƙa tura fata da dunƙulen hannu ana ja ƙasa. Zai ɗauki lokaci kaɗan fiye da na wuƙa, amma fata za ta fito ba huji, ba zane. Zanen wuƙa wanda bai huda ba shi ma illa ne, a majema yake buɗewa. Iyaye, ranar layya kada a bar wa yara fiɗa su koyi hannu a kanta ba mai duba su.

Da an gama, a kankare kitse da guntayen nama a hankali, a wanke jini da kashi da ruwa mai tsabta, a bar ta ta huce a inuwa kamar rabin awa. Kada a dunƙule ta a jefa kusurwa sai an gama rabon nama. Da zafin ƙasarmu, awoyi kaɗan sun isa ta soma lalacewa. In ka ja gashi ya biyo hannunka, aikin gama ya gama.

Shanya da gishiri

Abin da aka saba shi ne a shimfiɗa fata a ƙasa cikin rana, a kafe ta da ƙusa ko a danne da duwatsu. Wannan ita ce hanya mafi muni. Rana tana busar da waje da sauri, ciki yana nan da danshi yana ruɓewa. A ido fata ta bushe ƙayau, amma da majemi ya jiƙa ta sai ta saɓule.

A inuwa ake shanya, inda iska ke ratsawa: ƙarƙashin rumfa ko babban icce. A rataye ta bisa igiya mai kauri ko sanda mai santsi, ta layin gadon baya, gashi ciki, ɓangaren nama waje. A sa ƴan karare tsakani don gefe biyu kada su manne. Siririyar waya tana barin layi, mai tsatsa kuma tana barin tabo. Da rani kwana biyu ko uku sun isa, da damina sai an ƙara. Kafin ta ƙandare a ninke ta gida biyu, gashi ciki.

Wasu masu saye sun fi son fatar gishiri, musamman da damina. A shimfiɗa ta, nama sama, a shafe ta da gishiri mai laushi kamar rabin nauyin ɗanyar fatar, har gefe-gefe, a bar ruwan ya tsiyaye a inuwa. Gishirin da aka taɓa aiki da shi ba a maimaita shi. Kafin ka kashe kuɗin gishiri, tambayi mai sayenka wace yake so. Ajiya kuma bisa gado ko katako, ba a ƙasa ba, ana kakkaɓewa akai-akai saboda ƙwari da ɓeraye.

Ina taimakon hukuma yake shigowa?

Fata ɗaya ba ta kiran ɗan kasuwa. Mai fata ɗaya abin da aka ba shi yake karɓa. Amma gungun mata ko ƙungiyar makiyaya da ta tara fatu ɗari biyu ko uku, busassu, kasassu lamba-lamba, ita ce ke yin ciniki. Sabuwar sana'ar da muke gani ta dace da ƙauye ba ta manyan injuna ba ce: rumfar shanya kusa da mayankar kasuwa, ɗakin ajiya, wuƙaƙen fiɗa, sikeli, gishiri, da jarin sayen ɗanyun fatu ranar kasuwa. Tun da yawancin awakin gida a jahar Maraɗi na mata ne, bai kamata a kafa irin wannan ba tare da su ba.

A shekarar 2017 gomnati ta kafa asusun FISAN don tallafa wa masu zuba jari cikin noma da kiwo. Tsarin da aka fi aiki da shi kashi uku ne: ƙungiya ta kawo 10 cikin 100, a ba ta tallafin 40 cikin 100 wanda ba a biya, sauran 50 cikin 100 bashi ne daga banki irin BAGRI ko asusun ajiya da bashi. Misali, aikin jika 1000, wato miliyan ɗaya na sefa: ku kawo jika 100, tallafi jika 400, bashi jika 500. Ku lura da kyau, tallafin yana ɗaure da bashin. In banki bai yarda da dosiyenku ba, tallafi ba ya fitowa. Kuma jika 500 ɗin nan da ruwanta za a biya, ko fata ta yi kasuwa ko ba ta yi ba.

Don haka shawararmu ita ce kada ku soma da bashi. Ku soma da rumfar kara da igiya, ku yi wata shida kuna tarawa kuna saidawa, kuna rubuta komi cikin littafi: fata nawa aka saya, nawa ta fito lamba ɗaya, nawa aka yar, wa ya saya, nawa ya biya. Littafin nan shi ne zai yi muku magana gaban banki. Ku sami mai saye biyu ko uku, har da majeman gida da dukawa, kada ku rataya ga mutum guda na ƙetaren iyaka. Ƙungiya kuma ta kasance da takardar amincewa ta hukuma da asusu da sunanta, ba da sunan shugaba ba. Kuma ku yi hattara da mai zuwa ya ce a tara masa kuɗi zai fito muku da tallafi daga Yamai.

Ƙofofin tallafi suna buɗewa suna rufewa gwargwadon kuɗin da ke akwai. Kafin ku rubuta dosiye, wakilanku su je sarwis ɗin kiwo na komin ɗinku, da zauren manoma da makiyaya na jaha, wato CRA, su tambayi wanda ke buɗe a bana da sharuɗɗansa, su kuma tambayi dokokin shiga tambarin jar akuya. Ƙungiyar da ke son a koya wa mahautan garinsu fiɗa da shanya ta ba malamin kiwo sunayensu tun da sauran wata guda kafin Sallar layya, don a sami sa rana.